Saniyar Amana da Baƙin Allo

Ni dai a rayuwata ban son "wataƙila". Ka ce mini i ko a'a in san inda na dosa. Sai ga shi aikina ya haɗa ni da abin da bai san wata amsa ba sai ita.

A Bagudo nake, ina kula da wani ɗan shafin intanet na makiyaya. In dabba ta ɓace ta tsallaka iyaka zuwa ƙasar Benin, wanda ya tsince ta can ya ɗauko bidiyo ya turo, in ɗora, mai ita ya gani. Bidiyo kuwa iri-iri ne, ba kowace waya ke buɗe kowanne ba. Don haka shafin kan fara tambayar burauza, wato manhajar da ke buɗe shafuka a waya: "Za ki iya kunna wannan?" In ta tabbata ba za ta iya ba, sai ta yi gum. In ba haka ba, ta ce wataƙila. Waɗanda suka tsara ta sun hana ta cewa i, wai ba ta da tabbas sai ta gwada. Kai, wannan kunya har ta fi ta surukai!

Da damina saniyar kawuna ta ɓace. Gaskiya ma ba tasa ba ce, ta habbanaye ce: abokinsa ya ba shi riƙo bayan ciwo ya cinye garken Kawu, in ta haihu 'ya'yan na Kawu ne, uwar kuma a mayar wa mai ita. Amana ke nan. Kawu ya rame, ya daina zuwa kasuwa don kada su haɗu da abokin.

Sai ga bidiyo daga tsallake. Wani mai gari ya ɗaure saniyar da aka tsinta, ya ce in ba a zo shaida ba kafin ranar kasuwa zai miƙa ta ga hukuma. Ni ban san saniyar ba, Kawu kuma yana rugarsu bayan garin Lafagu, ruwa ya yanke hanyar da ke tsakaninmu. Na ɗora, na kira shi.

"Kawu, kun buɗe? Ita ce?"

Sai ya ce, "To, ɗana... wataƙila."

Raina ya ɓaci. Burauza wataƙila, Kawu ma wataƙila! Na danne zuciya na ce, "Don Allah me kuke gani?"

"Aikinka na da kyau," in ji shi. "Sai dai allon baƙi ne. Iska nike ji kawai."

Ashe tsohuwar wayarsa sauti kaɗai ta iya fitarwa, shi kuma nauyin ce mini abina bai yi ba yake ji. Mai bidiyon da sabuwar waya ya ɗauka. Na zauna na juya bidiyon zuwa tsohon tsarin da ko wayar kaka za ta buɗe, na rage masa nauyi saboda sabis ɗinsu sai an hau tudu.

Kawu ya ari wayar maƙwabci muna magana, tasa kuma tana sauke bidiyon. Ina jin numfashinsa. Can sai na ji ya saki irin kiran da yake wa shanu a daji, da ƙarfi, kamar za ta ji shi daga Benin.

"Ita ce! Ga tsagar kunnen nan. Wallahi ita ce!"

Na sauke ajiyar zuciya, na zauna a ƙasa. Ban taɓa jin daɗin kalma irin wannan ba.

Sai kuma ya sassauta murya.

"Ɗana, mine wanga ke bin ta a baya?"

Na sake duba nawa allon. Ni duk kallon da na yi ban lura ba. Wata 'yar maraƙa ce ja, tana tangaɗi, tana laluben nono.