Ranar Da Kawu Ya Rufe Littafi

Kawu ba ya maimaita darasi. Duk wanda ya yi karatu a zaurensa a Garwa ya san wannan. In ka makara, ko gyangyaɗi ya ɗauke ka, sai dai ka bi 'yan'uwanka ka roƙa. Da ƙarfinsa ya fara raguwa, ɗalibansa da aiki ya kai Bibemi da Cholire suka matsa a riƙa ɗaukar muryarsa ana tura musu ta waya. Ya yarda, amma da sharaɗinsa: na'ura ma ɗaliba ce, in ta rasa darasi ta rasa ke nan.

Wani mai gyara daga Marwa ya zo ya kafa ƙaramar kwamfuta a ɗakin da ke jikin zauren, ya zura wayar makirfo ta taga, sannan ya wuce Duwala, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da abin ya fara ɓaci sai aka tuna da ni, 'yar ƙanwar Kawu wadda ta karanta kwamfuta a Ngaundare. Dama haka danginmu suke. Ba sa tuna karatuna sai waya ta ƙi kunnuwa.

Matsalar kuwa mai ban haushi ce. Wata rana darasi ya ɗauku lafiya lau, wata rana ya yanke a tsakiyar jumla kamar an sa almakashi. Ga shi Kawu ya kusa ƙarshen babban littafin fiƙihun da ya daɗe yana karantarwa, kuma ya faɗa da bakinsa cewa in ya rufe wannan ba zai buɗe wani ba. A ranar rufewa ne malami yake jero malamansa, wane ya karɓa daga wane, har zuwa mai littafin. Kawu bai taɓa rubuta wannan silsila ba, a kansa take. In na'ura ta yanke ranar, shi ke nan. Gaskiya na ji tsoro.

Na tare a ɗakin nan cikin zafin Garwa, gumi har gadon baya. Shirye-shirye uku ne ke aiki a cikin kwamfutar. Ɗaya yana ɗaukar murya, ɗaya yana tura darussan baya ga ɗalibai, na ukun mai gadi ne: in mai turawa ya maƙale saboda rezo, wato sabis ɗin intanet, ya gudu, sai ya kashe shi ya tayar da sabo. Dabara mai kyau. Amma da lamba yake gane shi. Duk shirin da ya tashi a kwamfuta ana ba shi lamba, in ya mutu lambar ta koma hannun tsarin kwamfutar, ana iya ba wani. Mai gadin nan sai ya adana lambar ya riƙe ta gam. In aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, da asuba, kwamfuta ta mutu ta sake tashi, rabon lambobi ya koma farko, shi kuwa yana nan da tsohuwar lambarsa. Wani lokaci sai ta faɗa kan mai ɗaukar murya. Rezo na gudu, mai gadi ya zaro wuƙa ya yanka wanda bai ji ba bai gani ba.

Da na gano, sai da na buga cinya na ce, "Kai, amma an yi ɗanyen aiki!" Kawu ya jiyo ni daga zaure.

"Inna, lafiya kike faɗa da ƙarfe?"

Inna yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na fito na durƙusa na yi masa bayani iya yadda zan iya. Ya saurara, yana jan carbi.

"Wato kamar a zo da sammacin Inna ta gaskiya, a tarar ta rasu, a tafi da ke?"

"Haka ne, Kawu."

"To wannan mai gadi naku ba shi da hankali. Ki nemo masa."

Hankalin da na nemo masa shi ne abin da malamanmu ke kira descripteur de fichier. Maimakon mai gadi ya riƙe lamba, lokacin da ya tayar da shiri sai tsarin ya danƙa masa wani mariƙi da ke ɗaure da wannan shirin kansa, kamar igiyar akuya a hannu. Ta nan zai ji in shirin ya mutu, ta nan zai aika umarnin kisa. In akuyar ta riga ta tafi, ya ja igiya ya ji wayam, ba zai taɓa jawo ta maƙwabci ba. In kuma kwamfuta ta mutu, mariƙin ya mutu tare da ita, babu wani tsohon abu da zai kwana ya tashi. Sai da na sabunta tsarin kwamfutar kafin ya karɓi wannan hanya, da rezon da ke zuwa yana tafiya yadda ya ga dama. Na zagi rezo, na zagi mai gyaran Marwa, na yi istigfari, na ci gaba.

Na gwada ya fi a ƙirga, komai daidai. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, don gwaji daban, ranar daban.

Ranar rufewa, tun da asuba aka ɗauke kuran aka dawo da shi. Da haka kuwa abin yake farawa. Da hantsi zaure ya cika har waje, modibbai, wato malamai, daga unguwanni, wasu sun kwana a hanya. Ni ina ɗakina bayan labule, ido a kan allon kwamfuta. Kawu ya fara, muryarsa a dushe. Ya gama babin ƙarshe, sannan ya soma ambaton malamansa. Daidai nan rezo ya gudu. Wallahi kamar da gangan. Mai turawa ya faɗi da kansa. Na ga mai gadi ya aika umarninsa ta mariƙin, amsa ta dawo cewa babu wannan shirin. Ya tayar da sabo ya yi zamansa. Layin muryar Kawu kuwa yana ta motsi a allon, sama da ƙasa, bai ko girgiza ba. Ban san hawaye na zuba ba sai da ya ɗiga a hannuna.

Bayan an watse, an sha fura, na kai masa. Yana jingine da bango, ya gaji matuƙa. Na kunna daga inda silsilar ta fara. Ya rufe ido yana bin sunayen da leɓɓansa, ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo sunan malaminsa na farko, inda muryarsa ta karye a zaure, ya ɗaga hannu na tsayar.

"Na'urar ta kama har addu'ar?"

"Har tarin da ka yi bayanta, Kawu."

Ya yi dariya mara sauti, ya daɗe yana jinjina kai. Sannan ya kai hannu ya warware rawaninsa, abin da ban taɓa gani ya yi a zaure ba, ya ajiye a kan littafin.

"Alhamdu lillahi. Kullum ina kwana da su a kaina, ina tsoron in tashi wani ya ɓace mini. Yanzu ko na manta, ba laifi. Jawo mini matashin kan nan, Inna."