Katin Maharbi

Duk allon shagon da ka gani a Safana mai harafi a miƙe, to hannun Ɗanmalam ne, mai fenti. Amma ba da allo aka fi saninsa ba. Tun yana saurayi yake yanka kwalin sukari gwargwadon tafin hannu, ya zana wani abu a gaba, ya rubuta labarinsa a baya: Kura Mai Ƙafa Uku, Sarkin Rijiya, Tsohuwar Kuka da sauransu. Da su ake wani wasa da ya sa wa suna Yaƙin Dawa. Teloli da kanikawa su ne 'yan wasan, kowa da tarin katinsa, ana musaya, ana gardama kamar a kan gadon gona. Dattawa sun ce karta ce aka sa mata riga, shi kuwa ya rantse ko ƙwandala ba a taɓa ajiyewa a kai ba.

Doka ɗaya gare shi, kuma a kanta ya fi jaki taurin kai: abin da aka rubuta a bayan kati ba a gogewa. In sabon labari ya ci karo da tsoho, sai ya zana wani katin da zai sasanta su. Har daga Batsari ake hawo babur a zo ya raba gardama.

Katin da ya fi kowane farin jini shi ne Maharbi. Kowa ya san fuskar Salmanu ce, ƙanen Ɗanmalam, ɗan acaɓa, har da wushiryarsa. A bayansa an rubuta cewa Maharbi ba ya mutuwa a daji, ko ya ɓace yana dawowa kafin girbi. Da wasa aka rubuta, lokacin daji bai zama abin da ya zama ba.

Sai shekarun wahala suka shigo. 'Yan bindiga suka hana noma, kwanon gero ya gagari mai iyali. Wata Laraba da hantsi Salmanu ya ɗauki fasinja zuwa Batsari, ba a sake ganinsa ba, ba shi ba babur. Bayan wata biyar wani Yusha'u, mutumin Batsari da ya kuɓuto daga hannun 'yan bindigar, ya zo rumfar Ɗanmalam ya ja shi gefe. Ya ce tare aka tsare su da Salmanu, zazzaɓi ya kashe shi, kuma shi da hannunsa ya tura masa ƙasa.

Ɗanmalam ya nufi gida da niyyar faɗar rasuwar. Ya tarar da Hansatu, matar Salmanu, tana shanya rigunan mijinta don kada su yi warin ajiya. Ya gaishe ta ya juya, bai sanar da ita ba. Ni dai ban ga laifinsa a ranar ba, laifinsa na sauran ranakun ne.

Da aka yi girbi, 'yan wasa suka tambaye shi ina Maharbi. Ya zana kati ya ce Sarkin Rijiya ya riƙe shi baƙunta. Girbi na biyu ya ce Tsohuwar Kuka ta ɓatar masa da hanya. Hansatu ba ta wasan, amma ta yi firamare, kuma duk katin da ya fito sai ta aika a karɓo mata ɗaya ta sa a cikin kwalla. Ɗanmalam ya sani, abin yana cin ransa, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa.

A Batsari kuwa Yusha'u bai ɓoye wa kowa ba. Can sun daɗe da cire Maharbi daga wasa, in ya faɗo a hannun mutum sai ya kife shi ya yi masa addu'a. Wasa ɗaya ya zama biyu, na Safana suna cewa yana raye, na Batsari suna kawar da kai. Magana kuwa zarar bunu ce. Wata mai sayar da daddawa ta kawo ta har tsakar gidan su Hansatu.

Ana gobe za a fara yankan gero na uku, Hansatu ta zo rumfar da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta gaishe shi a ladabce, ta kwance bakin mayafinta, ta jera katin Maharbi da biyun da suka biyo bayansa a kan benci.

"Yaya, na ji abin da ake faɗa a Batsari. Ban zo ka goge komai ba, na san ba ka gogewa. Ka rubuta mini na gaskiyar."

Ya jawo kwalin da ya riga ya yanka, wanda ya shirya zai ce ruwa ne ya cika kogi ya tare Maharbi. Sannan ya tsoma buroshi a baƙin fenti. A gaban katin bai zana komai ba. Ya juya bayan katin ya rubuta:

"Maharbi ya rasu a daji shekara biyu da suka wuce. Wanda ya rubuta katunan baya ya yi ƙarya, don ƙanensa ne."

Hansatu ta karɓa tun fentin bai bushe ba, ta karanta sau biyu, ta yi salati a hankali. Ta ce masa ya aika a sanar da dangi, ita za ta je ta share ƙofar gida.

Washegari, mutane na wucewa gona da lauje, aka shimfiɗa tabarmin gaisuwa.