Mwanahawa, Wadda Ta Hana Kwamfuta Rufa-rufa

Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ana tsuga ruwan sama a Mombasa, Wanda ya ba mu aron Mwanahawa Kibwana ya karɓi abinsa. Nasa muke, kuma wurinsa kowa ya dosa. Ina ofis sai mijinta, Athumani, ya kira ni. Bai iya ƙarasa maganar ba, ni ma ban bari ya ƙarasa ba. Bayan la'asar muka raka ta makwancinta a Likoni, unguwar da aka haife ta, wadda ta ƙi bari duk da tsiyar da muka sha yi mata kan wahalar jirgin fito safe da yamma.

Dada, wato yaya a harshenmu, bari in juyo gare ki kai tsaye, don ban saba yin zancenki a bayan idonki ba.

Shekara da shekaru teburina yana manne da naki a ƙaramin kamfaninmu, muna kula da kwamfutocin asibitocin bakin teku. Kullum kina shigowa da ƙunshin mahamri mai zafi, irin fanken nan na bakin teku, daga mashigar jirgin fito, ki ce na mutum biyu ne, alhali ya ishi ofis gaba ɗaya. Wanda ya yi kuskure a aiki ba ki taɓa tsinka shi a gaban mutane ba. Sai ki ja kujera kusa da shi ki ce, "Zo mu ga inda ta yaudare ka." Amma kuma kina da taurin kai, Allah ya gafarta miki, irin wanda ban taɓa gani ba. Na sha tashi daga gardama da ke kaina na sarawa, ke kuwa kina kurɓar gahawarki hankali kwance.

Wannan taurin kan ne ya ceci Sista Kadzo. A wani asibiti da muke yi wa aiki, likita ya ce a rage wa wani tsohon masunci maganin hana daskarewar jini. Kadzo, ma'aikaciyar jinyar da ke bakin aiki, ta shigar da canjin a kwamfuta ta tafi gida. Waɗanda suka karɓe ta suka buɗe fayil, suka ga tsohon adadin, suka ba shi. Dattijon ya zubar da jini har aka fid da rai, da kyar aka shawo kansa. Kadzo ta yi rantsuwa ta shigar, kwamfuta ta nuna ba ta shigar ba. Tsakanin mace mai kuka da na'ura mai tsada, kowa ya san wa za a gaskata. An riga an fara maganar korarta.

Ke kaɗai kika ce ba ki yarda ba. Kika bi sawu har kika gano abin da ya faru. Kwamfuta tana riƙe aikin da ke hannunta a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci kafin ta sauke shi a faifan ajiya. A wannan ɗan tsakanin ne wani gurbi na ƙwaƙwalwar ya lalace, abin da zafi da gishirin iskar teku suka saba yi mana. Babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ta gane gurbin ya lalace, ta zubar da abin da ke cikinsa. Har nan ba laifi. Amma sai ta koma faifai ta ɗauko tsohon rubutun ta cike wurin da shi, ta ja bakinta ta yi shiru.

Ba na manta fuskarki ranar. Kika ce da ni, "Heri, lalacewar ba ta dame ni ba, ƙarfe ne, dole wata rana ya gaza. Shirun ne ya tsorata ni. Kamar mai abinci ce miyar yau ta zube mata, ta ɗumama ta shekaranjiya ta kawo maka tana murmushi."

Kika je gaban hukumar asibitin kika yi musu bayani har suka gane. Kadzo ta koma bakin aikinta. Ni a ganina magana ta ƙare, ke kuwa a lokacin kika fara.

Kika zauna kika rubuta gyara. Idan gurbi ya lalace da sabon rubutu a ciki, kada a cike shi da tsoho. A bar shi da alama, abin da mu a sana'armu muke kira sa masa guba, duk wanda ya zo karantawa a gaya masa ƙiri-ƙiri cewa wannan sashen ya ɓata, ya sake rubutawa. Muka ɗora gyaran a kan na'urorinmu. Daga nan kika ƙirƙiro mana al'adar Juma'a: ana saukowa daga masallaci, sai ki lalata ƙwaƙwalwar na'urar gwaji da gangan, mu zuba ido mu ga ko za ta faɗi gaskiya. Abokan aiki suka sa miki suna Mai Guba, kika amsa da jin daɗi.

Sai dai wannan babbar manhaja ta duniya ce baki ɗaya. Kowa na iya aika gyara, amma kowane sashe yana da mai tsaron ƙofarsa, sai ya amince gyara ke shiga ya isa ga kowa. Mai tsaron sashen ƙwaƙwalwa wani dattijo ne a birnin Sendai, can wata uwa duniya, Wataru Sonoda, wanda ba mu taɓa ganin fuskarsa ba amma muke kiransa Mzee, wato dattijo, kamar tare muke shan shayi. Kika aika masa da gyaran, ya dawo miki da shi. Kika gyara kika mayar, ya sake dawowa da shi. Kuma in za a yi adalci, hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce manhajoji da yawa ba su san yadda za su yi da irin wannan amsa ba, za su tsaya cak, aiki ya tsaya, jama'a su zage mu. Ya ce gubar da kike sawa da hannunki daban, ta Allah daban, yana son ya ga abin ya yi amfani a wurin aiki na gaske.

Ni na gaji tun kafin ke. Na ce, "Dada, ki rabu da tsohon nan. Namu asibitocin sun tsira, me ya rage?"

Kika dube ni ta saman tabarau kika ce, "Na Beira da na Kisumu fa, duwatsu ne ke kwance a gadajensu? Sha gahawarka, malalaci, ka zo mu sake gwadawa."

Ana cikin haka ciwon daji ya bayyana. Kin ɓoye mana shi har sai da rama ta tona. Kika daina ƙetaro ruwa, muka koma mu ke ƙetarawa. Ina samunki a jingine da matashi, kwamfuta a cinya, mahaifiyarki Bi Mwanaidi tana faɗa a ɗauke wannan abin kafin ya ƙarasa mata 'ya. Ba ki taɓa ce min kina tsoron mutuwa ba. Abin da kika ce shi ne kina tsoron ki tafi gyaran ya bi ki, don gyaran da marubucinsa ya yi shiru ba mai waiwayarsa.

Wata safiya a farkon damina wayar ofis ta yi ƙara. Kadzo ce, ko gaisuwa babu, ta kama cikakken sunana.

"Bwanaheri, wane irin tarkace kuka jibge mana? Wannan akwatin banzan ya ƙi buɗe min fayil, wai wani sashe ya lalace in sake shigarwa! Ga layi har bakin ƙofa, ga shi ya tsaya yana min iyayi!"

Na ce, "Sista, me ke cikin sashen?"

"Allurar suga ta wata mai ciki, likita ya canza ɗazu. Sai da na bi shi har ɗakin tiyata na sake tambaya. Ka gaya wa uwar ɗakinka, in ba za ku iya aikin ba ku mayar mana da biro da takarda!"

Ta kashe wayar. Ban tsaya neman laima ba, na tari keke zuwa mashiga. Na iso gidanku a jiƙe sharkaf na ba ki labari. Kika rufe ido kika ce, "Sake faɗa min zagin, kada ka rage komai." Na sake. Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki, Bi Mwanaidi ta shigo a guje tana tambayar abin da na yi miki. Da kika samu numfashi kika ce, "Ga gubar Allah da ake nema ta zo, tura wa Mzee bayanan na'urar. Har da akwatin banzan, fassara masa shi daidai."

Na tura. Shiru. Kullum na zo sai ki ɗaga gira, in girgiza kai. Daga baya kika daina iya ɗaga girar. Wallahi na ji haushin dattijon nan a kwanakin, haushin da har yanzu nake neman Allah ya yaye min.

Muna zaman makoki amsarsa ta zo, da sunanki, don bai san komai ba. Ya ce ya jinkirta ne saboda ya bi gyaran layi-layi ya gwada shi da kansa, bai sami aibi ba, ya karɓa. Sai ya ƙara da abin da ya sa na fita waje na yi kuka kamar yaro. Ya ce ya tsufa, idanunsa sun yi rauni, ya daɗe yana neman wanda zai miƙa wa ƙofar, kuma yana ganin wadda ta fi kowa yi masa gardama ita ta fi cancanta. Yana tambaya ko za ki yarda.

Ni na rubuta masa amsa, Dada. Ban taɓa rubuta abin da ya yi min nauyi kamarta ba.

Ya Allah, baiwarka Mwanahawa ta zo maka. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi, ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ka sada ta da rahamarka a Aljanna Firdausi. Bi Mwanaidi, Allah ya ba ki haƙurin da uwa kaɗai ta san girmansa. Athumani, ɗan'uwana, Allah ya dafa maka ya saka maka da alheri kan jinyar da ka yi ba gajiyawa. Zuhura da Time, 'ya'yanta, Allah ya raya ku ya albarkace ku. Idan kun girma aka tambaye ku aikin mahaifiyarku, ku ce akwai marasa lafiya a garuruwan da ba a iya furta sunanta, da za su warke su koma gida ba tare da sun taɓa sanin da hannunta a ciki ba. Allah ya rubuta mata ladan kowane ɗaya daga cikinsu, har ranar da za mu iske ta.