Kujerar Dakta Balaraba

Ana sallame sallar asuba Dakta Balaraba take fitowa daga gidanta a Birnin Kebbi, jaka a kafaɗa, 'yar kujerar katako a hammata, irin wadda mata ke zama a kai su tuƙa tuwo. Kafin masu koko su kasa a ƙofar asibiti ta riga ta shiga ɗakin masu ciki. Shekara goma sha tara ina shara da canjin zanen gado a ɗakin nan. Likitoci masu daɗin baki na ga su da yawa, sun zo sun wuce. Ita ba ta iya daɗin baki ba. Aikinta na gani, shi zan faɗa.

'Yar Argungu ce, mahaifinta manomin albasa, ita ce ta fari a ɗakinsu. Ta yi karatun likita, ta ƙware a kan haihuwa, ta dawo tana koyar da ɗalibai. Duk wanda ya faɗo hannunta, ranar farko sai ta karɓe takardar tambayoyinsa ta miƙa masa kujerar. "Zauna ƙasa," in ji ta. "Mace ba ta buɗe cikinta ga wanda ke tsaye bisa kanta." Sai ka ga saurayi da farar riga da takalmi mai sheƙi a durƙushe, gwiwa har haɓa, mata na ta dariya cikin mayafi. Ita ko a jikinta.

Bara aka kawo mata Riskuwa, ɗaliba 'yar gidan malamai a nan birni. Yarinyar ta haddace littafi, amma ta faɗi jarrabawar bakin gado, wadda ake ba ɗalibi majiyyaciya ya tambaye ta, ya duba ta, ya yi wa malamai bayani. Dama ɗaya ta rage mata, bayan wata uku. In ta sake faɗuwa, makaranta ta sallame ta, shekara biyar sun tafi a banza.

Dakta ta tsaya ta kalli yadda take aiki. Riskuwa na tsaye, ido a kan takarda, tana jero tambayoyi kamar ana binta a guje. Matar da ke gado tana ta "awo, awo," don a rabu da ita.

"Ke, 'yar malam," in ji Dakta, "tambayarta kike ko ƙararta kika kai?"

Riskuwa ta fashe da kuka. Dakta ba ta lallashe ta ba. Cewa ta yi ta shirya, Asabar za su Argungu.

Kowace Asabar Dakta kan je ƙaramin asibiti a garinsu ta duba matan fadama, na Gulma da ƙauyukan bakin gulbi. Nakan bi su don riƙe kaya. A can ta zaunar da Riskuwa a kujerar, ta hana ta biro. Sai an gaisa, an tambayi gida, an tambayi shinkafa ko ruwa ya ci ta bana, sannan a zo kan ciki.

Wata Asabar mahaifiyar Dakta ta kawo mana fura. Dakta ta ce wa Riskuwa, "Tambayi tsohuwar ga ɗiyanta nawa."

"Inna, 'ya'yanki nawa?"

"Shidda," in ji tsohuwa, ta lissafa su da suna tsaf. Babu Balaraba.

Riskuwa ta dubi malamarta baki buɗe. Dakta ta yi dariya har da riƙe ciki. "Kin gani? Ni da na gina mata ɗaki, ba ni cikin lissafi. Tun da anka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Kunyar ɗan fari ke nan. Ku can gida innarku na kiran yayanku gatsau, shi ya sa ba ki sani ba. To haihuwar da mace ta ɓoye, wani lokaci ita ke ɗauke da abin da zai kashe ta."

Tsohuwa ta harare ta. "Wagga dai ba ta da ta-ido." Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Ranar jarrabawa Dakta ta ce ba za ta zauna cikin masu ba da maki ba, tunda ita ta horar da yarinyar. Ta samu benci a baranda tana ɓarar gyaɗa. Ni aka sa in tsaya wajen labule. Majiyyaciyar wata Laure ce daga Zauro, cikinta wata takwas, katinta ya nuna haihuwa huɗu, duka lafiya. Riskuwa ta shigo. Ta waiga babu kujerar, sai ta jawo bokitina na shara ta kife ta zauna. 

Suka gaisa, suka taɓa hirar shinkafa. Laure ta ce haihuwa huɗu. Riskuwa ta sassauta murya. "Yaya, da na farin, ko ban da shi?"

Laure ta ja mayafi ta rufe baki. "Haba likita, wa ka ƙidaya wancan?"

A hankali maganar ta fito. A haihuwar fari ta zubar da jini har ta suma, sai da aka ƙara mata jini leda biyu. Ba wanda ya taɓa rubutawa, don ba wanda ya taɓa tambaya.

Da malamai suka shigo, babbansu, baƙo daga wata jami'a, ya ɗaga katin. "Nan an ce huɗu, ke kin ce biyar. Wa za mu yarda da shi?" Riskuwa ta yi bayani tiryan-tiryan, ta ce lallai matar ta haihu a asibiti, a tanadi jini tun kafin naƙuda. Baƙon ya ciro biro ya gyara katin da hannunsa.

Bayan kwana uku aka kafe sakamako. Ta ci. Ta taho da gudu har takalminta ɗaya ya fita, ta durƙusa gaban Dakta tana jero godiya da addu'a.

"Tashi, kina tare hanya," in ji Dakta, sannan ta nuna ni. "Kuma kin lotsa wa baiwar Allah bokiti."

Laure ta haihu a wajenmu bayan wata guda. Ta zubar da jini kamar yadda aka zata, amma jinin na ajiye, ta koma Zauro da ɗiyarta a baya.

Ni ƙafafuna sun gaji, na ajiye aiki a ƙarshen watan jiya. Ranar da na je kwasar kayana na hangi Dakta ta buɗe bayan motarta ta fito da sabuwar kujera, ta kasuwar Argungu, ko ƙanshin itace bai bar ta ba. Ta dangwara wa Riskuwa a hannu, ta nuna mata sababbin ɗalibai biyu da ke raɓe a bango da takardunsu.

"Karɓe musu takardun nan," ta ce. Ta saɓi tata tsohuwar kujerar ta shige ɗaki.