Da Bakin Yaya Isuhu

Ƙamshin tumu ne ya tashe ni a ranar. Inna ta gasa zangarniyar farko ta gonarmu, tana murzawa a faifai. Ƙarshen damina ne, cikin shekarun babban yaƙin Nasara. Ni da yayana Isuhu mun zo hutu ƙauyenmu, arewa da Takanamat. Ni ina lakwal, makarantar boko, a Tawa. Shi kuwa yana babbar makarantar koyon aikin likita, can bakin teku. Yana zaune gindin aduwa yana tsokanata, wai na je birni na koyo tafiyar zabuwa.

Da hantsi muka ji kukan raƙuma. Gumiye ne, sojan raƙumi, da wani Anasara bisa doki. Sun zo ɗibar maza don aikin tilas, da hatsin ciyar da soja. Samari sun riga sun nutse cikin gonaki. Tafintansu ya kwanta ciwo a hanya, don haka suka nemi mai jin Faransanci. Wani ya nuna Isuhu.

Aka tsayar da shi kusa da dokin. Duk abin da Anasaran ya faɗa, daga bakin yayana muka ji shi.

"Ku hito! Kowa shi durƙusa!"

Muka durƙusa. Baba ya ce hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai gama nuna ba. Isuhu ya juya maganar a hankali, har da ƙarin ladabi. Anasaran ya amsa da kalma uku ko huɗu. Na gane su, don ni ma 'yar lakwal ce. Isuhu ya ƙi juya su. Aka ɗora masa bakin bindiga a wuya.

"A sa wuta," in ji yayana.

Rumbuna suka kama. Baba ya tashi da gudu ya nufi wanda muke ajiye iri a ciki. Na ji ƙara ɗaya. Tantabaru suka tashi daga kan danga. Baba bai kai rumbun ba.

Daga nan kowa ya watse. Inna ta finciki hannuna muka faɗa cikin hatsi. Ganye yana yankar fuskata. Bayanmu kara yana fashewa cikin wuta. Da azahar muna kwance cikin wani kwazazzabo, bakinmu a bushe. Da la'asar Isuhu ya iske mu, ba takalmi, ba hula. Bai dubi Inna ba. Muka bi ta bayan Tebaram, muna kauce wa rijiyoyi don kada a gan mu. Wata Bafillatana ta ba mu nono ba ta tambaye mu kome ba. A ƙafa muka shiga Tawa, gidan goggonmu.

A can Isuhu ya daina cin abinci. Sai ya zauna yana taɓa maƙogwaronsa. Masu zuwa gaisuwa suna cewa, "Sai haƙuri, namiji ba ya haka." Goggo ta karɓo rubutu wajen malam, ya sha. Wasu 'yan ƙauyenmu da suka iso bayanmu ba su amsa sallamarsa ba. Muryarsa suka ji a ranar, ita suka riƙe.

Ana gobe zai koma makaranta, na iske shi a zaure. Ya ce a makarantarsu akwai likitan da ke sauraron waɗanda tunani ya yi wa nauyi, amma ɗalibai ba su zuwa. Wanda aka gani a ƙofar, sunansa mahaukaci har ya gama.

"To mi za ka yi, Yaya?"

"Dije, nan kowa na ce mini in yi kurum. Ina son wanda zai ce mini in yi magana."

Kafin damina ta zagayo aka aiko mana cewa zazzaɓi ya kashe shi. Inna ta yi sadaka. Ni na gama lakwal, na zama malama. Ban taɓa gaya wa kowa abin da na gani ba, kuma aka riƙa yabon hankalina.

Sai bayan shekaru masu yawa, wani abokin karatunsa ya zo aiki asibitin Tawa. Ya gane ni da kamannin fuska. Shi ya gaya mini cewa Isuhu ya je wajen likitan nan. Abokansa sun roƙe shi kada ya je, ya tafi. Ya faɗi kome, rumbuna da Baba da abin da aka sa shi ya faɗa. Likitan ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya kai maganar gaba. Aka ce ɗalibin da ke ɗora wa hukuma irin wannan ƙarya ba shi da hankali. Aka rufe shi a wani ɗaki bayan asibiti, mai taga ɗaya ta ƙarfe. A ciki ya rasu, ba kuma zazzaɓi ba ne.

Mutumin ya ce har suka gama karatu, ba ɗan ƙasarmu da ya sake taka ƙofar likitan nan. Na tambaye shi inda aka binne yayana. Bai sani ba. Baba dai muna da tudun kabarinsa da muke nunawa.