Malam Isyaku Yero da Katangar Kududdufin Gwaggo

Haihuwa da Nasaba

Cikin shekarar 1938, daidai lokacin girbin gero, aka haifi Malam Isyaku Yero a unguwar Ƙofar Mazugal da ke cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yero, Bafulatani ne wanda kakanninsa suka ajiye sandar kiwo suka zauna cikin ganuwa, shi kuma ya rayu yana dillancin shanu. Mahaifiyarsa, Hajo, 'yar gidan marina ce.

A bayan gidansu akwai wani ruwa da ake kira Kududdufin Gwaggo, da sunan wata tsohuwa mai daddawa wadda ta daɗe tana kasa kayanta a bakinsa. Kamar sauran kududdufan birni, asalinsa rami ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, ruwan damina ya taru a ciki. Rimi da durumi da tsamiya sun kewaye shi, dabino ya jeru ta gabas, bado ya rufe rabin ruwan. Balbelu na kwana a kan durumin har rassansa su yi fari, shamuwa kuwa takan yi sheƙa a rimin idan damina ta matso. Da safe akan koro awaki su sha, masu wankau su shanya kaya a kan ciyawa, idan kuma rani ya yi ruwa ya janye, sai magina su sauka da diga da jakuna su ɗebi ƙasar da za a yi wa gidajen unguwa yaɓe. A bakin wannan ruwa Isyaku ya tashi, kuma neman ceto shi ne babban aikin rayuwarsa.

Neman Ilimi

Bayan ya fara karatun allo a zauren wani maƙwabcinsu, an sa shi makarantar elementare ta Shahuci a shekarar 1946, daga nan ya wuce midil a 1950. Malamansa sun shaide shi da ladabi da ƙoƙari a lissafi, amma sun sha ƙorafin cewa aljihunsa ba ya rabuwa da ganyaye da ƙwallayen itatuwa, har abokansa suka laƙaba masa Sarkin Dawa, sunan da ya bi shi har furfura.

A 1956 aka ɗauke shi aiki a sashen gandun daji na hukumar En'e, aka kuma tura shi kwas a Jos bayan shekara biyu. Da ya dawo sai aka damƙa masa kula da gandun renon itatuwa, inda ya yi shekaru yana dasa darbejiya a gefen hanyoyi. Daga baya yakan ce cikin raha ya dasa baƙuwar bishiya darbejiya da yawa har yana jin kunyar wucewa ta gaban 'yar gida tsamiya. Ya samu gurbin karatu a jami'a a Zariya a 1967, ya kammala digiri a ilimin tsirrai a 1970.

Aure da Iyali

A shekarar 1963 ya auri Nana Hauwa, malamar firamare 'yar Shahuci, mace mai haƙuri amma mai faɗin gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Sun zauna a gidan gadonsa, bai taɓa yarda ya koma gidan ma'aikata a wajen gari ba, duk da cewa an yi masa tayi. Hujjarsa ita ce ba ya iya barci inda ba a jin kukan kwaɗi. Allah ya albarkaci auren da 'ya'ya maza da mata.

Bincikensa a kan Kududdufai da Itatuwan Birni

Daga 1971 zuwa 1978, ban da shekarun da ya yi a waje, Malam Isyaku ya duƙufa a kan binciken da ya fito da sunansa. A lokacin cikin ganuwa bai cika da gini ba. Daga Goron Dutse idan mutum ya hango, zai ga gonakin gero da garake da kududdufai suna ƙyalli tsakanin soraye. Ya bi su lungu-lungu a kan kekensa, yana auna zurfin ruwa, yana tantance itatuwa da ciyayi da tsuntsaye da kifayen da ke rayuwa a kowanne. Mutanen unguwanni suka saba da ganin babban ma'aikaci ya naɗe wando yana kutsawa cikin taɓo, wasu suna yi masa addu'ar Allah ya ba shi lafiya.

Sakamakon binciken ya nuna cewa kududdufan su ne ke shanye ruwan sama su hana shi shiga gidaje, su ne ke sanyaya unguwa da bazara, kuma a shekarun farin da aka yi, rijiyoyin da ke kusa da su ne suka fi jimawa ba su ƙafe ba. Ya kuma tabbatar da cewa nau'o'in halittun da suka taru a Kududdufin Gwaggo sun fi na kowane wuri da ya duba. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne gine-gine sun fara cin gefen kududdufai da dama, wasu ma an riga an cike su.

A 1975 aka tura shi Ingila ya karanci tsara filaye da lambunan birane. A can ya ga wuraren shaƙatawa kewaye da shinge, da ƙofar da ake rufewa, da allon da ke bayyana abin da aka hana. Tsarin ya shiga ransa ƙwarai, ya dawo a 1977 da yaƙinin cewa haka ake kare wuri.

Gina Katanga

Da mulki ya koma hannun farar hula a watan Oktoba na 1979, sababbin shugabanni suna neman ayyukan da ido zai gani, sai Malam Isyaku ya gabatar da shirinsa na killace kududdufan birni a mai da su lambuna. Aka amince a gwada da guda ɗaya, kuma ba sai an tambaya ba wanne ya zaɓa. A 1981 aka kewaye Kududdufin Gwaggo da katangar bulo, shi da kansa ya tsaya a kan aikin, bai yarda an rage ko cokali ɗaya na siminti ba. Aka sa ƙofar ƙarfe da kujerun zama da mai gadi, aka kafa allo mai hana ɗibar ƙasa da shayar da dabbobi da wanki da kamun kifi da yankan ciyawa.

Sani, shugaban maginan unguwar, ya same shi har gida ya yi kukan cewa yanzu sai sun kora jakunansu har bayan ganuwa kafin su samu ƙasa. Malam Isyaku ya ba shi haƙuri, ya ce: "Sani, tun muna yara kuke cin ruwan nan ta ko'ina. Ku bar shi ya huta." Sani bai ja maganar ba, don damuwarsa nisan hanya ce kawai, kuma a lokacin babu wanda ya ga illar abin. An buɗe lambun da biki da jawabai, jaridu suka buga hotonsa, kuma iyalinsa sun ce ba su taɓa ganinsa cikin farin ciki kamar na wannan rana ba.

Shekarun da Suka Biyo Baya

A ƙarshen Disambar 1983 soja suka sake karɓar mulki, kula da lambun ya tsaya, mai gadi ya kama gabansa da mabuɗin ƙofa a aljihu. Mutanen unguwa, waɗanda a da ko yaro aka gani zai yi bayan gida a bakin ruwan sai an kore shi, yanzu suka ɗauki wurin a matsayin kayan gwamnati. Aka fara jefa shara ta kan katanga, tun ana yi a ɓoye har aka daina ɓoyewa. Kainuwa ta rufe ruwan, bado ya mutu, ciyawar da awaki ke ci ta zama ƙungurmin daji, wari ya tashi. Balbelu suka ƙaura.

A daminar 1988 aka yi ruwa mai yawan gaske, kududdufin ya tumbatsa ya shiga unguwa, gidaje da dama suka faɗi, cikinsu har da ɗakin da aka haifi Malam Isyaku. Da ruwa ya janye ya koma awo, sai ya tarar zurfin wurin ya ragu da fiye da rabi, alhali wasu kududdufan da ba a killace ba, waɗanda magina ke ɗan shiga har lokacin, ba su cike haka ba. Nan ya gane abin da bincikensa bai duba ba. Ya ƙirga tsirrai da tsuntsaye, amma bai sa magina da jakunansu cikin lissafin abin da ke raya ruwan ba. Kowace damina taɓo da ƙasar da ruwa ya wanke daga jikin gidaje suna gangarowa cikin rami, kowane rani magina su kwashe su mayar da su jikin gidajen. Yaɓen shekara-shekara shi ne yasar kududdufin, kuma shi ya hana.

Wannan al'amari ya yi masa ciwo matuƙa, bai kuwa ɓoye ba. A wani taron masana da aka yi a 1991 ya gabatar da muƙala a kan haka, ya rufe ta da cewa ya ɗauka yana kare ruwan ne daga mutane, ashe mutanen ne ke riƙe da shi. An tafa masa, an buga muƙalar, ɗalibai suna karanta ta, amma katanga tana nan inda take. Ya nemi a rushe ta, aka ce masa ba a rushe aikin gwamnati haka kawai. Ya yi ritaya a 1993.

Yunƙuri na Ƙarshe

Da farar hula suka dawo a watan Mayu na 1999, Malam Isyaku ya ga dama ta sake samuwa, ya fito da sabon shiri: a rushe katanga, a kwashe shara, a mayar wa unguwa ruwanta, magina su koma ɗibar ƙasa kamar da. Ya yi ta zarya tsakanin ofisoshi, dattijo da sanda da naɗaɗɗiyar taswira. Aka ce masa yanzu mulkin jama'a ake yi, ya je ya samo amincewar jama'ar unguwa. Ya yi murna da wannan sharaɗi, don yana ganin mutanensa ne.

An yi taron a zauren mai unguwa Shehu a shekarar 2000. Malam Isyaku ya yi bayani mai tsawo, ya ambaci rimi da bado da sanyin bazara, tsofaffi suna gyaɗa kai, wasunsu idanunsu sun ciko. Matasan kuwa ba su san wurin da wani abu ba face wari da sauro da ɓeraye, suka ce a cike shi a huta. Sai ya juya ga Sani, wanda tsufa ya riga ya lanƙwasa, ya roƙe shi ya tara yaransa su koma ɗibar ƙasa. Sani ya ce: "Malam, wa za mu yi wa yaɓe yanzu? Kowa bulo yake so. Jakunan ma mun sayar da su tun tuni." Da ya koma gida ya ba Nana Hauwa labari, sai ta ce: "Malam, ka yi haƙuri da mutane. Jikokinka ma sauro ya hana su kwana a gidan nan." An ce wannan magana ta fi duk wadda aka faɗa a zauren yi masa nauyi, don ya san gaskiya ce.

A ranin 2002 motocin tifa suka fara juye ƙasa. Ya roƙi a bar durumin, aka yi masa alkawari, amma aka sare shi a mako na biyu saboda ya tare wa motoci hanya. Ya tsaya ya kalli aikin a ranar farko, daga nan bai sake bi ta wurin ba. Ko masallaci zai je sai ya zaga ta lungu mai nisa, duk da ciwon gwiwar da yake fama da shi.

Rasuwa da Jana'iza

Allah ya yi wa Malam Isyaku Yero rasuwa da safiyar wata Laraba cikin watan Maris na 2004, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da biyar. Jama'ar da ta taru, ɗalibansa da abokan aikinsa da mutanen unguwa, ta fi ƙarfin ƙofar gidan, kuma babu wani fili a duk unguwar da zai ɗauke ta sai wanda aka samu bayan cike kududdufin. A can aka kai shi aka yi masa salla, sahu ya miƙe a kan jar ƙasa, babu inuwa ko ta mutum ɗaya. An binne shi a maƙabartar Ƙofar Mazugal kusa da iyayensa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Ya rasu ya bar matarsa, Malama Nana Hauwa, da 'ya'ya biyar: Abdulhakim, malamin sakandare; Bahijja, ma'aikaciyar jinya; Mardiya, wadda ta gaji fanninsa tana koyar da tsara birane; Muhsina, da ke aure a Goron Dutse; sai autansu Nu'uman, mai sayar da kayan gini, wanda shagonsa ke cikin layin shagunan da aka gina a filin kududdufin shekara guda bayan rasuwarsa. Masu ginin ba su rushe katangar Malam Isyaku ba, sun ce ba a samun aiki mai ƙwari irinta yanzu, sai suka jingina shagunan a jikinta.