Sandar Baffa

Har yau idan lasifika ta yi wannan ƙarar tata kafin a fara magana, ƙarar nan mai shiga haƙori, sai in bar duk abin da nake yi. Shekaranjiya ma an yi a masallacin unguwarmu, na ajiye buta na tsaya kamar an dasa ni. Kada ka ɗauka tsoron taro nake. Wannan tun ina yaro aka cire mini shi. Wanda ya cire shi nake tunawa.

A Yakasai, cikin birnin Kano, na tashi, a hannun Baffa, ƙanen mahaifina. Ubana ya rasu ina rarrafe, uwata ta yi aure a ƙauye. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Gidanmu ɗaki biyu ne da zaure, sai Gwaggo, yayarsu, da ke yi mana tuwo. Baffa sanƙira ne. Idan ana ɗaurin aure ko raɗin suna, liman ya yi magana a hankali, shi kuma ya ɗaga ta ya kai wa jama'a. Idan mai unguwa yana da saƙo, shi ke bin lungu-lungu yana shela. Mata daga cikin gida suna jin muryarsa sai su tsai da daka. Dogo ne, baƙi, kullum da sanda a hannun hagu, alhali ƙafarsa lafiya lau.

Ni kuwa bakina ba ya buɗewa. Mutum uku suka dube ni a tare, shi ke nan, harshena ya yi nauyi, gumi ya keto mini ko ana sanyi. Aike ma idan aka yi mini, sai na tsaya a ƙofar gida ina jiran wani ya fito, don na kasa yin sallama da ƙarfi.

Ina da shekara goma sha biyu ko sha uku, wata safiya mura ta shaƙe wa Baffa murya, ga suna a gidan wani dillalin fata. Bayan sallar asuba aka cika ƙofar gida, ga rago a ɗaure, ga goro a faranti. Liman ya raɗa suna a kunnen Baffa, Baffa ya raɗa a nawa, ya tura ni gaba. Kalma huɗu ce ko biyar. Na buɗe baki, na ga idanu, babu abin da ya fito. Mahauci yana riƙe da wuƙa yana jira. Can wani ya ce, "To, an raɗa wa yaro Shiru, Allah ya raya Shiru." Aka kwashe da dariya. Na ruga gida na shige bayan randa. Wata guda yaran unguwa suna kirana Bebe.

Baffa bai dake ni ba. Da muryarsa ta dawo, sai ya fara tashina da sassafe mu tafi wajen Ƙofar Na'isa. A lokacin ganuwa tana nan da tsayinta, a gindinta akwai kududdufi mai faɗi. Ya ɗora ni a kan ganuwa, shi ya zagaya can ƙetaren ruwa ya tsaya, ya ce in gaya masa abin da muka ci jiya. In bai ji ba, ya sa hannu a kunne. Na fi sati ina yi wa kwaɗi magana. Ya hana ni ihu. Ya ce ihu na maƙogwaro ne, magana daga ciki take tasowa, in cika cikina da iska kafin in sake ta, in kuma bar kowace kalma ta isa kafin in aika 'yar'uwarta.

Murya ta samu, amma tsoro bai tafi ba. A gaban kwaɗi ni gwani ne, a gaban mutane ni Bebe. Sai ya koya mini abu na biyu. Ya ce, "Taro ba shi da kunne, yaro. Mutum ɗaya ke da kunne. Zaɓi na can ƙarshe, ka yi masa magana shi kaɗai. In ya ji, kowa ya ji."

Wannan ma bai isa ba. Ranar da na ce masa ni ba irinsa ba ne, shi Allah bai halicce shi da tsoro ba, sai ya zaunar da ni a kan ganuwa. Damina ce, ƙasa na ƙamshi. Sai ya ce ranar da ya fara shela a gaban mai unguwa na da, yana saurayi, fitsari ya kubce masa a tsaye, ya bi ƙafar wando har ƙasa. Babbar riga ce ta rufa masa asiri, babu wanda ya gani. Ya miƙo mini sandarsa, ya ce, "Kana tsammani ado ce? Har gobe in na miƙe a taro gwiwata rawa take. Ita ke riƙe ni. Ko Gwaggonka ba ta san wannan ba."

Daga ranar na warke. A taro na gaba na lura da hannunsa a kan sanda, na ga yadda jijiyoyi suka tashi. Na ce ashe haka ne. Ashe ba sai tsoro ya tafi ake magana ba. Kafin shekara biyu ina karɓarsa a ƙananan sunaye, mutane suna cewa ɗan ya gaji Baffansa.

Sai sojoji suka ce za su koma bariki, aka buɗe siyasa. Wanda bai ga Kano a lokacin ba, ba zai gane ba. Gida ɗaya ya rabu biyu, wa da ƙane suka daina cin tuwo a kwano ɗaya. Mai unguwa yana tare da jam'iyyar manya, Baffa kuwa bakin mai unguwa ne, abin da aka ba shi yake faɗa. Mu samari muna ɗaya ɓangaren, na talakawa. Shugabanmu wani tela ne a bakin titi, mai daɗin baki. Shi ya fara ɗora ni a bayan a-kori-kura, ya ba ni abin magana a hannu. Da na ji muryata ta fita ta lasifika ta bugi katangu ta dawo, sai na ji kamar na ƙara tsawo. Shekarata goma sha bakwai.

Baffa bai hana ni ba. Abu ɗaya ya ce, yana cin goro a zaure: "Ka dai san bakin wa ka zama."

Ana saura kwana kaɗan zaɓe muka yi taro a filin unguwa bayan la'asar. An yi ruwa da rana, ƙasa duk taɓo, amma fili ya cika har kan katangu. Na fara magana a kan haraji da jangali, yadda aka saba. Sai wani daga tsakiya ya ɗaga murya: "Kai ɗan sanƙira! Baki a nan, ciki a gidan mai unguwa! Ina Baffanka?" Aka yi dariya. Irin dariyar ranar suna ce, na gane ta. Tsohon gumin nan ya keto mini, harshena ya fara nauyi. Na yi abin da aka koya mini, na nemi mutum ɗaya a can ƙarshe. Sai ga shi. Yana tsaye a gindin wata katanga, ya dogara da sandarsa. Ya zo ya ji ni.

Babu wanda ya sa ni. Tela bai san zancen ba, balle ya ce in faɗa. Ni na cika cikina da iska, na dubi Baffa, na ce, "Kuna tambayar Baffana? Ga shi can. Ku tambaye shi me ya sa yake riƙe sanda. Ku tambaye shi me ya jiƙa masa wando a gaban mai unguwa. Irin mazajen da suke da su ke nan!" Na bar kowace kalma ta isa, yadda ya koya mini. Fili ya ɗauka. Mutane suna juyawa suna nuna shi, wasu har da faɗuwa don dariya. Tela yana bubbuga bayana. Ni dai aka daina yi wa dariya, abin da nake so ke nan.

Kafin magariba na shiga gida. Yana zaure a kan buzu. Na tsaya ina jiran mari ko tsinuwa. Ya ɗago ya ce, "Ka yi magana da kyau. Daga inda nake na ji komai." Gwaggo ce ta ajiye mini tuwo a ƙasa ba ta dube ni ba, ta ce, "Ci, mai baki."

Washegari yara suka fara bin sa a lungu suna tafi, suna tambayarsa ina wando. Sati biyu bayan haka aka yi ɗaurin aure a unguwa. Ina wurin. Liman ya yi magana, Baffa ya miƙe, ya dafa sanda, sai idon kowa ya sauka a kan sandar. Wani ya yi tari, wani ya danne dariya. Baffa ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya daɗe a tsaye, sannan ya zauna. Bai sake shela ba. Ya koma tufka igiya a zaure har ƙarshen ransa.

Jam'iyyarmu ta ci. Tela ya samu mota, ya daina gane ni. Bayan shekara huɗu sojoji suka dawo, aka kwashe lasifikoki, na koma dako a kasuwa, daga baya gadi. Sau biyu na durƙusa a gaban Baffa in nemi gafara, sau biyu harshena ya ƙi. Ni da na yi magana a gaban dubban mutane. Shi kuma bai taɓa tayar da zancen ba, yana gaishe ni, yana sa mini albarka in na kawo cefane. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ranar da ya rasu, bayan an dawo daga maƙabarta, Gwaggo ta miƙo mini sandar. Ta ce, "Ya ce a ba ka. Ya ce wata rana za ka neme ta."

Yanzu ganuwar nan ta zube, an cike kududdufin an yi shaguna. Sanƙira ya zama abin kwatance, kowane lungu da lasifikarsa, kowane yaro da waya a hannu yana faɗa wa duniya abin da ya ga dama. Baki ya yi araha. Ni kuma unguwa ta san ni da rashin magana, suna cewa hali ne.

Watan jiya jikana ya same ni a zaure. An sa shi muhawara a makaranta, ya ce in ya miƙe gwiwarsa rawa take, ya ji an ce da can ni gwani ne. Na koya masa cika ciki da iska. Na koya masa zaɓar mutum ɗaya. Ya ce duk ya gwada, shi dai ba irina ba ne, ni ban san tsoro ba. Na miƙe na nufi inda sandar take jingine a bango. Sannan na ɗauko ta na ɗora masa a cinya, na gaya masa abin da na gaya maka yanzu, ban rage komai ba. Kafin ranar, babu wanda ya rage a unguwa da ke tuna wannan zance sai ni. Yanzu yana hannun yaron, ya yi yadda ya ga dama da shi.